Kifi ya mutu a tabki bayan feshin garka: yaya ake gane ko magani ne ya kashe shi?

Ƙanena, na karanta saƙonka har sau biyu. Ka ce ƙungiyarku ta zuba ƴaƴan karfasa da tarwaɗa a wani tabki kusa da Mirya bayan damina, kuna jiran su girma, sai cikin sanyin Janairu kuka tarar da ƙananan kifi sun yi fari fat a bakin ruwa, kwana biyu bayan masu garka sun yi wa kabeji da tumatir feshi. Ka ce har da kwaɗi cikin matattun, kuma an ga wani yaro yana ɗauraye famfon feshi a gefen tabkin. Yau kusan sati biyu ke nan. Kana so ka san yadda masana ke gwada dafin magani a kan kifi, da ko ku da kanku za ku iya gwadawa ku kai hujja gaban maigari, da kuma ko kifin da ya rage zai ciwu. Allah ya mayar muku da alheri. Na san wahalar da ake sha kafin ƴaƴan kifi su isa tabki da rai, shi ya sa zan amsa maka a tsanake.

Bari in fara da ɗakin gwaji, don a nan na fi daɗewa. Gwajin da aka fi amfani da shi a duniya yana da rubutacciyar ƙa'ida ta ƙungiyar OECD ta haɗin kan tattalin arzikin ƙasashe, mai mazauni a Faris, ƙa'ida mai lamba 203, wadda aka sabunta a 2019. Ana samo ƴaƴan kifi masu lafiya, kai ɗaya, daga wuri ɗaya, a ajiye su aƙalla kwana tara su saba da ruwan ɗakin. Ana daina ba su abinci kwana ɗaya ko biyu kafin a fara, kuma har a gama ba za su ci komai ba, saboda kashinsu da ragowar abinci suna ɓata ruwa, suna kuma tsotse wani ɓangare na maganin. Sai a jera akwatunan gilashi shida. Biyar a sa musu magani, kowane ya ninka na bayansa wajen sau biyu, misali 1, 2, 4, 8, 16. Na shidan ruwa ne zalla, ba ɗigon magani. Shi muke kira shaida. A kowane akwati a sa kifi bakwai ko fiye, a zauna ana kallo har awa 96, wato kwana huɗu cif. Kullum a ƙirga matattu a cire su. Kifi bai mutu ba a wurinmu sai murfin kunnensa ya daina motsi, an taɓa gindin wutsiyarsa bai ko girgiza ba.

Daga wannan ƙirga ake fitar da lamba ɗaya: yawan maganin da ke kashe rabin kifin cikin kwana huɗu. Takardun Faransanci suna rubuta ta CL50, na Ingilishi da ke biyo kayan Najeriya suna rubuta LC50. Ka riƙe wannan da kyau, don na sha ganin masu ilimi sun juya shi: ƙaramar lamba ita ce mugun dafi. Maganin da lambarsa 100 sai an zuba da yawa kafin ya kashe. Wanda lambarsa 0.001 ɗan kaɗan ya isa. A tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na rarraba sinadarai masu haɗari, duk abin da ke kashe rabi a miligiram 1 cikin lita ko ƙasa da haka yana ajin farko, ajin masu tsananin dafi ga halittun ruwa.

Akwatin shaida shi ne ran gwajin, kuma shi ne abin da mutane ke rainawa. Ƙa'ida ta ce in kifi fiye da ɗaya ya mutu a cikinsa, a irin wannan gwaji na kifi bakwai, aikin duka ya rushe. Haka in iskar oksijin ta sauka ƙasa da kashi 60 cikin 100 na abin da ruwan zai iya riƙewa. Ni kaina na taɓa asarar aikin sati uku a wani watan Afrilu. Wuta ta ɗauke da dare, injin hura iska ya tsaya, ɗakin kuma ya ɗau zafi. Da asuba na shigo na tarar da kifi uku a kwance cikin shaida, ruwan da ko ƙamshin magani bai ji ba. Da ba don wannan akwatin ba, da na rubuta cewa maganin ne ya kashe na sauran akwatunan, in sa hannu, alhali rabinsu shaƙewa suka yi. Tun ranar ba na yarda da kowane sakamako sai na fara tambaya: shaida fa, nawa suka mutu?

Amma wanda ya taɓa tsayawa gaban akwati yana kallon ɗan karfasa cikin maganin ƙwari na ajin firetiroyid, irin wanda ake fesawa a garake, ba zai ƙara rikita shi da shaƙewa ba. Cikin awa ɗaya ko biyu kifin zai fara zabura kamar an tsikare shi da allura, ya ruga ya bugi gilashi, ya dawo. Murfin kunnen yana buɗewa da rufewa da sauri, kamar mai tari. Can sai ya rasa daidaito, ya riƙa juyawa kamar mazari, ya kwanta a gefe ɗaya, ya miƙe, ya sake kwanciya, jiki yana karkarwa. Maganin ya shiga ta jan naman nan da kifi ke numfashi da shi, ya wuce jini kai tsaye, ya hana jijiyoyi hutawa. Ɗan Adam da tunkiya suna da hanta mai saurin narkar da irin wannan magani. Kifi ba shi da wannan saurin, ga shi kuma ba ya iya fita daga ruwan. Abin da ya sa ke nan maganin da manomi ke fesawa ya koma gida lafiya yake share tabki.

Yanzu mu zo kan abin da ke hannun masu garkarku. Mafi yawan abin da ake fesa wa kabeji da tumatir da wake a yankinmu ajin firetiroyid ne: lamda-sihalotirin, sifametirin, deltametirin, wani lokaci a haɗe da wani sinadarin. Lamda-sihalotirin yana kashe rabin kifin turuwit, wani kifin ruwan sanyi da ake yawan gwaji da shi a Turai da Amurka, a wajen rubu'in maikirogiram cikin lita. Maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Lambar ba ta shiga kai sai an yi lissafi da abin da ido ya sani. Ɗauki kwalbar da ke da giram 25 na sinadarin cikin lita. Murfi ɗaya mai mililita 10 yana ɗauke da rubu'in giram. Wannan rubu'in giram ya isa ya kai lita miliyan ɗaya ta ruwa ga wancan mizani, wato tabki mai tsawon mita 40, faɗin mita 25, zurfin mita ɗaya. Murfi ɗaya. In kuwa manomi ya sa mililita 40 cikin famfo mai lita 16, ya gama feshi rabin lita ta rage a gindi, yaro ya je ya zubar ya ɗauraye a bakin ruwa, wannan ragowar kaɗai ta isa lita sama da dubu 100. Karfasa da tarwaɗa sun fi turuwit juriya, kuma ruwanmu mai laka yana kama wani ɓangare na maganin ya nutse da shi ƙasa, don haka a tabki na gaske ɓarnar ba ta kai yadda lissafin ya nuna. Sai dai ƴaƴan kifi bakin ruwa suke zama, inda ba zurfi, daidai wurin da ake wankin famfon. Kafin maganin ya bazu ya sirke, su sun riga sun sha mai kaurin.

Akwai kuma abin da mutane ba su sani ba game da sanyi. Yawancin guba ta fi aiki cikin zafi, kamar ajin oganofosfet, su dikulorbos da ake kira piya-piya da kulorfirifos. Firetiroyid akasin haka yake: ya fi kisa in ruwa ya yi sanyi. Ga shi lokacin noman rani, lokacin da feshi ya fi yawa a garake, shi ne hunturu. Karfasa kuwa kifin ɗumi ce, in ruwa ya yi sanyi sosai cin abinci ma takan rage, jikinta ya yi rauni. Tabkunanmu kuma, daga na Mirya zuwa na Gidimuni da Lasuri da fadamun Korama, yawancinsu ruwan da ya shiga ba ya fita sai ta sama ko ta ƙasa. Kullum raguwa yake daga kaka zuwa bazara. Abin da gulbi mai gudu zai kwashe ya tafi da shi, a wurinmu zama yake.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da ya fi damuna game da lambar CL50. Gaskiya ce, an auna ta da kulawa, amma an auna ta ne a ruwa mai tsabta, a kan kifin wata ƙasa, cikin kwana huɗu, kuma mutuwa kaɗai take ƙirgawa. Kifin da bai mutu ba amma ya daina cin abinci, ko ya kasa guje wa tsuntsu, ko ƙwansa ya ƙi ƙyanƙyashewa, duk ba su cikin wannan lamba. Shi ya sa ake da wani gwaji mai tsawo, ƙa'ida ta 210, da ke bin kifi tun yana ƙwai har ya yi wajen wata guda da ƙyanƙyashewa, ana auna girma da nakasa, don a gano mizanin da ba a ga wata illa ba. Sau da yawa wannan mizani yana ƙasa da CL50 nesa ba kusa ba. A Tarayyar Turai, kafin a yarda da magani, sukan raba CL50 na kifi gida 100, su ce abin da zai isa ruwa kada ya wuce kashi ɗaya daga ciki. Saboda haka in wani ya ce maka an auna ruwanku an samu maganin bai kai CL50 ba, don haka ba laifinsa ba ne, kada ka karɓa. Rabin kifi ne lambar ke magana a kai. Masunci ba ya jira rabi ya mutu kafin ya san ya yi asara.

Kuma kifi ba shi kaɗai ke cikin ruwa ba. Ana gwaji a kan dafniya, wata ƴar mitsitsiyar halitta mai kama da ƙuma da ƴaƴan kifi ke ci, awa 48, a ƙirga waɗanda suka kasa iyo. Ana gwaji a kan gansakuka, awa 72, a auna yadda girmanta ya ragu. Dalilin haka shi ne wani magani ba ya taɓa kifi kai tsaye amma yana share abincinsa. Imidakulofirid misali ne: sai an zuba miligiram da yawa cikin lita kafin ya kashe kifi, amma ƴan maikirogiram sun isa su kashe tsutsotsin ƙwarin ruwa. Ba za ka ga gawa ko ɗaya ba. Sai lokacin kamun kifi ya zo ka ga karfasa ba ta yi nauyi ba, ka ɗora laifin a kan iri. Maganin ciyawa kuma nasa salon daban ne. Gilifoset shi kaɗai dafinsa ga kifi ba mai tsanani ba ne, amma sabulun da wasu kamfanoni ke haɗa shi da shi don ya manne a ganye ya fi shi illa ga kifi da ƴaƴan kwaɗi, shi ya sa gwajin da ya fi amfani shi ne na abin da ke cikin kwalba gaba ɗaya, ba na sinadarin zalla ba. In kuma aka fesa wa ciyawar bakin tabki ta mutu ta ruɓe cikin ruwa, ruɓewar za ta shanye iskar ruwan, kifi ya mutu bayan kwanaki, ba guba ko ɗaya a jikinsa.

A Sahel an taɓa yin irin aikin da nake fata a yi a Damagaram. A shekarun 1990, shirin Locustox na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a Sanagal ya gwada magungunan fara a kan halittun tabkunan damina, irin waɗanda ke ƙafewa da rani kamar namu. Ba su tsaya kan halittun Turai ba. Sun ɗauki wani ɗan jatan lande na tabki da wani ƙwaron ruwa mai iyo a rigingine, ƴan asalin wurin, suka yi gwajin a kansu, suka kuma fesa wa tabkuna na gaske suka bi su suna ƙirga. Abin da ya fito shi ne magunguna sun bambanta ƙwarai: wani ya share jatan landen ya bar ƙwaron, wani ya taɓa duka biyun. Muna da jami'a a Zinder, muna da karfasa da tarwaɗa da gaiwa, muna da ruwa mai kanwa da marar kanwa. Ɗalibi ɗaya mai haƙuri da akwatunan gilashi goma sha biyu zai iya fitar mana da lambobin da suka dace da ruwanmu. Kanwa ba ƙaramin abu ba ce a wannan lissafi: tana saurin rusa wasu magunguna irin su piya-piya, amma tana ƙara dafin amoniya, wato iskar da ke fitowa daga kashin kifi da takin da ruwa ya kwaso.

Wani abu da ke jikin kwalba yana yaudarar manoma da yawa. Layin launi da ke ƙasan takarda, ja ko rawaya ko shuɗi ko kore, haɗarin maganin ga mutum yake nunawa. Ba ruwansa da kifi. Magani zai iya ɗaukar rawaya ko shuɗi ya kasance cikin mafi muni ga tabki. Alamar da ta shafe ku ita ce hoton mataccen kifi kusa da busasshen itace, ko ɗan hoton kifi cikin jerin ƙananan hotunan da ke gindin takardar. Ka nuna wa masu garka wannan hoton. Ko wanda bai yi boko ba zai gane shi.

To, me ya kashe kifinku? Daga abin da ka faɗa, zuciyata ta fi karkata ga magani, ga kuma dalilaina. Mutuwar rashin iska tana zuwa ne da asuba, bayan dare ya shanye iskar ruwa, kuma ta fi yawa a bazara, don ruwa mai zafin digiri 30 miligiram 7 da rabi kawai yake iya riƙewa cikin lita, na digiri 20 kuwa wajen 9. A irin wannan mutuwa manyan kifi ke fara tafiya, za ka gan su sun taso sama suna haɗiyar iska, ƙanana su tsira a bakin ruwa. Tarwaɗa da gaiwa ba sa damuwa sosai, don suna iya shaƙar iskar sama. Kwaɗi ma ba abin da ke samun su. Kai kuwa ka ce cikin sanyi ne, ƙanana ne suka mutu, har da kwaɗi. In ka tuna an ga tarwaɗa cikin matattun, ko an ga kifi yana juyi yana zabura da rana tsaka, to alamar ta ƙara ƙarfi. Amma alama daban, hujja daban. Ina roƙonka kada ka je gaban maigari ka kama sunan mutum da wannan kaɗai.

Hujja ta gaske a ruwa take, da laka, da jikin kifi, kuma ba ta jira. Dole in faɗa maka gaskiya: bayan sati biyu, ruwan da za ka ɗebo yau da wuya ya nuna komai. Piya-piya yakan ruɓe cikin ƴan kwanaki. Firetiroyid yakan bar ruwa ya manne a laka. Saboda haka in akwai sauran abin da za a samu, a lakar wurin wankin famfon yake. Ka ɗebo ta sama-sama, kaurin yatsa biyu, cikin kwalbar gilashi mai faɗin baki, ka ɗebo wata daga can ɗaya gefen tabkin inda ba garka, don a kwatanta. In Allah ya kiyaye abin ya sake faruwa, awannin farko su ne komai. A ɗebi ruwa lita ɗaya ko biyu cikin kwalbar gilashi wankakkiya, mai duhu in da hali, a cika ta har baki. Kada a sa a bido ko gorar roba, don maganin yana mannewa a jikin roba, ya ɓace kafin a isa ɗakin awo. A kamo kifin da ke cikin magagin mutuwa, ya fi wanda ya kumbura amfani, a naɗe kowane cikin takardar alminiyam, a sa cikin ƙanƙara, a daskarar da shi in an isa gari. Kan kifin yana da daraja ta musamman: oganofosfet yana danne wani sinadari a ƙwaƙwalwa mai suna kolinestaras, kuma wannan tabo yakan daɗe a jikin kifi bayan ruwan ya wanke. A rubuta rana da awa da wuri a jikin kowace kwalba, a ɗauki hoto da waya, a kira ma'aikatan ruwa da gandun daji da malamin gona su gani da idonsu, don samfurin da hukuma ta shaida ɗibarsa ya fi nauyi. Kuma a nemo kwalbar maganin da aka fesa, ko fankonta ne. Mai awo a Yamai ba zai iya neman sinadari ɗari a makance ba. In ka ba shi suna, ka rage masa rabin aiki, ka rage wa kanka kuɗi.

Gwajin da za ku iya yi da kanku akwai shi, kuma yana da amfani in an san iyakarsa. Ku samo ƴaƴan karfasa masu lafiya daga wani wuri, ba daga tabkin ba. Ku jera kwanonin tasa ko na gilashi shida masu girma. Uku ku cika da ruwan tabki daga wurin da ake zargi, uku da ruwan rijiya da ya kwana a buɗe. Kada ku yi da ruwan famfo sabon ɗiba, sinadarin tsabtace ruwa da ke cikinsa yana kashe ƴaƴan kifi. Ku bar su a inuwa ɗaya har ɗuminsu ya zo daidai, ku sa kifi goma ƙanana a kowane, ku rufe da gidan sauro kada su yi tsalle. Duka shidan a riƙa ba su iska daidai wa daida, ko da ɗan injin batir ko da kwarara ruwan daga sama da moɗa sau da yawa a yini, kowane kwano da moɗarsa. Ba abinci. Ku ƙirga safe da yamma har kwana huɗu, ku rubuta. In na rijiya suna lafiya, na tabki suna mutuwa duk da iskar da ake ba su, kun tabbatar akwai guba a ruwan, kuma ba shaƙewa ba ce. Sunan gubar da wanda ya zuba ta, wannan gwaji ba zai faɗa ba. In na rijiya ma sun mutu, ku zubar ku sake, kamar yadda na yi a wancan Afrilun. Wannan gwajin ne kuma zai gaya muku ko lokaci ya yi da za ku sake zuba ƴaƴan kifi, kafin ku kashe kuɗi a banza. Abin da ban yarda ku yi ba shi ne ku sayo maganin ku riƙa sirkawa a gida don ku fitar da CL50. Awon maikirogiram ba na murfi da cokali ba ne, kuma ruwan da za ku zubar bayan gwajin wata sabuwar ɓarna ce.

Ka duba kwalbar da kyau in ka same ta. Maganin da aka yarda da shi a Nijar yana ɗauke da lambar Kwamitin Sahel na Magungunan Ƙwari, CSP, na CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel ta yaƙi da fari, wanda ke zama a Bamako, kuma bayanan dafi ga kifi suna cikin abin da kamfani ke gabatarwa kafin a ba shi lamba. Mai yawa daga abin da ake kasawa a kasuwanninmu na kan iyaka ba shi da wannan lamba, wani ma an ɗura shi cikin wata kwalba ba takarda. Endosulfan, wanda ke kashe kifi a wajen maikirogiram ɗaya cikin lita, ƙasashen CILSS sun hana shi tun 2007, yarjejeniyar Stockholm, ta ƙasashen duniya kan hana guba mai daɗewa a muhalli, ta biyo baya a 2011. Lindan, wato gamalin da wasu suka riƙa zubawa a ruwa don kamun kifi, ya shiga jerin yarjejeniyar a 2009. Kakanninmu sun san majimfa da ɓawon aduwa suna sa kifi maye, amma waɗannan rana da ruwa suna cinye su cikin ɗan lokaci. Gamalin yana zama a laka, yana taruwa a kitsen kifi, ya wuce cikin mai ci.

Kifin da ya mutu ko aka tsince shi yana magagi, kada a ci, kada a yi banda a kai kasuwa, kada a ba kaji ko karnuka. Wuta da hayaƙi ba abin dogaro ba ne wajen cire guba. A haƙa rami nesa da ruwa da rijiya a binne. Wanda ya rage da rai yana iyo lafiya, in maganin firetiroyid ne ko oganofosfet, jikinsa yakan fitar da shi a hankali. Ni dai shawarata ku dakatar da kamun kifi na wasu makonni, har gwajin kwanonin nan ya nuna ruwan ya daina kisa. In kuwa kwalbar ta nuna endosulfan ne ko gamalin, ko ba a san ko mene ne ba, kada a taɓa kifin sai an kai samfuri an auna. Dabbobi ma a kai su wata mashaya a wannan tsakani.

Masu garkar nan maƙwabtanku ne, kuma yaron da ya wanke famfo bai san abin da murfi ɗaya ke yi ba. Shi ma hannunsa da ƙafarsa suna cikin wannan ruwa. In kun zauna gaban maigari da sarkin ruwa, ku nemi abu uku da za a iya yi gobe: a ɗebo ruwa da bokiti a kai can cikin garka a haɗa magani a wanke famfo a can, ruwan ɗaurayar kuma a fesa shi kan shukar da aka yi wa feshi, a bar tazarar ciyawa tsakanin kunyar ƙarshe da bakin tabki, ba feshi in iskar hunturu tana kaɗawa wajen ruwa, fankon kwalba a ɗauraye sau uku a juye cikin famfo, a huda shi, kada ya koma tabki ko hannun yara. Ka aiko mini da hoton takardar kwalbar, gaba da baya, inda aka rubuta sunan sinadarin da yawan giram cikin lita, tare da kimanin tsawo da faɗi da zurfin tabkin a yanzu, in yi maka lissafin da za ka riƙe a hannu ranar zaman.